Tsoffin Sulalla: Tsatsar da Ake Bari da Wadda Ake Yaƙa

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau za mu leƙa wata sha'awa ce da ba a cika jin labarinta a wajenmu ba, wato tara tsoffin sulalla, da yadda masu tara su ke tsabtace waɗanda ƙasa ta ci. In na ce tsoffi, ba kwabon da kakanninmu suka sayi goro da shi kaɗai nake nufi ba, ko da yake shi ma za mu zo kansa. Ina maganar kuɗin daular Rum ne, masu shekara 1,700 ko 2,000, da dinari da dirhami da fulusan tagulla na daulolin Musulunci na farko. Irin waɗannan sukan fito daga ƙasa a dunƙule da laka da tsatsa, ba fuska, ba rubutu. Duk wanda ya riƙe ɗaya, hannunsa zai soma ƙaiƙayin ya goge ta ya ga ƙyalli. Wannan ƙaiƙayin ya kashe sulalla masu ɗimbin yawa waɗanda ƙasa ta kasa kashewa.

Bari mu fara da Ingila. A watan Afrilu na 2010, wani mai dafa abinci a asibiti, Dave Crisp, yana yawo da na'urar gano ƙarfe a wata gona kusa da garin Frome a yankin Somerset. Na'ura ta yi ƙara, ya ɗan tona, sai ga tulu maƙil da sulalla. Maimakon ya zura hannu ya kwasa, sai ya mayar da ƙasa ya rufe, ya kira jami'an kula da kayan tarihi. Su suka zo suka kwashe kuɗin hawa-hawa, kowane hawa da jakarsa da lambarsa. Da aka ƙidaya, sulalla 52,503 ne, nauyinsu wajen kilo 160, waɗanda aka buga tsakanin shekarar 253 da 305 Miladiyya. Fiye da 700 daga cikinsu na Carausius ne, wani kwamandan jiragen ruwa da ya ɓalle ya naɗa kansa sarki a Birtaniya daga 286 zuwa 293. An yi wa tarin kuɗi fam 320,250, aka raba tsakanin Crisp da mai gona. Da aka kai su gidan tarihi na Birtaniya a Landan, inda ƙwararru da sinadarai suke jibge, da me aka fara? Da ruwa. Wanki da shanya kawai, mako da makonni.

Akwai dalilin wannan lallaɓawa. Yawancin sulallan Frome wani samfuri ne da Sarkin Rum Karakala ya fito da shi a shekarar 215, kusan rabinsa azurfa. Yaƙe-yaƙe suka yi yawa, baitulmali ya rame, aka riƙa rage azurfar ana ƙara tagulla, har kafin shekarar 270 abin da ya saura bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Sai ya zama tagulla ce a ciki, da wani ɗan farin azurfa siriri a sama domin ido. Inda wannan farin ya tsira har yau, buroshin waya zai share shi kafin ka ƙifta ido, kuma ba ya dawowa.

Yanzu mu duba abin da ke faruwa da kwandalar tagulla in ta daɗe a binne, domin duk maganar yau a kansa ta rataya. Ƙananan kuɗin da, da jan ƙarfe ake buga su, ko zallansa, ko a gauraya shi da kuza da dalma, ko da tutiya. In ya shiga ƙasa, iska da laima sukan fara juya samansa ya zama wani ɓawo ja mai duhu, manne da ƙarfen. Masana na kiransa kufurayit. A kan wannan kuma sai wani kore mai tauri ya hau, malakayit, wani lokaci da ɗigon shuɗi. Can a sama sai laka da yashi da farar ƙasa da suka daskare. Hawa uku ke nan ko fiye. Abin da sabon shiga bai sani ba shi ne, ɓawon nan ja da kore daga jikin kwandalar aka yi su. Ƙarfen ne da kansa ya rikiɗe, a hankali ƙwarai, har ya riƙe siffar da maƙeri ya buga. Saboda haka sau da yawa hancin sarki, da gemunsa, da baƙaƙen sunansa, duk a jikin ɓawon suke zaune. Ka cire shi, abin da za ka tarar a ƙasa ƙarfe ne mai ramuka, fuska ta tafi.

Wannan ɓawo mai santsi shi masu sana'ar ke kira fatina, kuma shi suke biya. Kwandala mai fatina kore sumul tana fin irinta da aka kankare tsada nesa ba kusa ba. Tana kuma kare ƙarfen da ya saura a ciki, sannan tana cikin shaidun cewa abin tsoho ne da gaske. Aikin mai tsabtacewa ke nan a taƙaice: ya ɗauke ƙasar da ta hau daga waje, ya tsaya cak a kan fatina.

To amma me mutum ke fara ɗaukowa a gida? Lemon tsami da gishiri. Tsamiya. Toka da soso. Ko lemon kwalba, ko man goge ƙarfe irin Brasso. Ba laifinsa ba ne, domin da su uwar gida ke fitar da tasa ta fito tas, kuma suna aiki. Matsalar ita ce aikin nasu ya yi yawa. Tsamin da ke cikin lemo da tsamiya yana narkar da koren ɓawon nan cikin mintoci, bai san fuskar sarki ba, bai san laka ba. Sai kwandala ta fito jajir, da ƙuraje, mai ita yana murna. Bayan kwana biyu ta dushe ta yi wani irin launi mara kyau. Gishirin da aka haɗa da lemon kuwa ya shige cikin ramukan, ya shuka wata cuta da za mu yi maganarta nan gaba. Garin neman gira an rasa ido.

Haka nan wata dabara da ke yawo a bidiyon waya, ta jona kwandala da cajar waya a tsoma ta cikin ruwan gishiri ko na soda. Wutar takan ɓamɓare duk abin da ke jikin ƙarfen, mai kyau da mara kyau, a bar shi tsirara. A bidiyo abin burgewa ne, kumfa na tashi, ruwa na baƙi. Ni dai shawarata, wanda ke son kwandalarsa ya bar wannan ga masu bidiyo.

Yaya ake yi ke nan? Kafin ruwa ya taɓa ta, a zauna a dube ta. A ɗauki hotonta gaba da baya a wuri mai haske, a auna nauyinta da faɗinta, a rubuta. A sa gilashin ƙara girma mai ninki 10, irin na masu sayar da gwal, a bi ta gefe-gefe. Wane ƙarfe ne? Akwai farin azurfa a sama? Fatinar a manne take, ko tana ɓarewa? In kwandala ta yi sakayau a hannu fiye da yadda girmanta ya nuna, ko gefenta na marmashewa, alama ce ƙarfen ciki ya ƙare, ɓawo ne kawai ke riƙe da juna. Irin wannan ba a jiƙa ta, ba a goge ta. Wata kuma da ka duba za ka ga sunan sarki na karantuwa, ƙasar da ta saura a lunguna ma ƙara fito da zanen take yi. Ita ma a ƙyale ta haka.

Wadda ta cancanci wanki, sai a jiƙa ta a tataccen ruwa, wanda aka turara aka tara tururinsa, babu gishiri ko ma'adini a ciki. Ruwan famfo akwai kulorin, ruwan rijiya akwai gishiri iri-iri, fiya wata ma ba ta tsira ba. A nan ina jan kunne: kada a je wajen mai cajin batir a ce a ba da ruwan batir a tafi. Ruwan batir iri biyu ne, akwai tataccen ruwa na ƙari, akwai kuma mai asid wanda ke cin tufa da fata. A nema a kantin magani ko wajen masu sayar da kayan ɗakin gwaji, a karanta abin da ke jikin gorar. A sa kowace kwandala a nata ɗan mazubin roba ko gilashi, ana canja ruwan bayan kwana ɗaya ko biyu. Duk sanda aka canja, a ɗan bi ta da buroshin haƙori mai taushi. Tataccen ruwa da kansa yake jan gishirin da ke cikin lakar, yana sassauta ta. Wata za ta saki a mako guda, wata sai ta yi watanni.

Abin da ruwa ya bari, hannu ne zai cire shi, kuma ƙa'idar ita ce abin aikinka ya fi fatina taushi. Tsinken sakace, ko tsinken gora da aka fiƙe, su ne na farko. Kada a raina su. Lokacin da aka tono tarin kayan zinare na Staffordshire a Ingila a 2009, waɗanda yawancinsu adon takubba ne, ƙwararrun da suka tsabtace su da ƙayar itatuwa suka yi aiki, domin ƙaya na shiga lungu, tana ture ƙasa, ba ta karce zinare. Wanda ke zaune inda aduwa da bagaruwa suke, ba shi da uzurin ɗaukar allura. Waɗanda hannunsu ya faɗa sukan yi amfani da wuƙar fiɗa ta likita a ƙarƙashin madubi mai ƙara girma, suna ɓantare daskararriyar ƙasa ƙwaya-ƙwaya, daga fili suna matsowa wajen zane. Kwandala ɗaya na iya cin awoyi da yawa, a rarrabe cikin kwanaki, domin ido in ya gaji hannu kan zarce. Sabon shiga ya fara koyo da mafi arha, waɗanda ko sun lalace ba a yi asarar tarihi ba. Ƙananan tagullan zamanin Sarkin Rum Kustantin da 'ya'yansa an buga su ne miliyoyi, har yau 'yan daloli kaɗan ake sayar da na gama-garinsu.

Za ku ji tsofaffin masu tarawa na yabon man zaitun, a jiƙa kwandala a ciki wata da watanni. Gaskiya yana tausasa ƙasa. Amma yana da ɗan tsami, yana baƙanta fatina, yana kuma shigewa cikin ƙofofin ɓawon ya ƙi fita. Ƙwararrun gidajen tarihi ba sa bin wannan hanya. Man gyaɗa da manja kuwa kada ma a fara.

(Ɗan kiɗa)

Masu sauraro, ga wanda yanzu ya kama mu, muna magana ne a kan tsabtace tsoffin sulalla. Mun ce akwai tsatsar da ake bari. Yanzu ga wadda ba a yi wa sassauci.

Sunanta a bakin masu sana'ar cutar tagulla. Ga yadda ake gane ta. Fatina mai lafiya tauri gare ta, launinta a zaune, farce ba ya cire ta. Cutar tagulla kuwa gari ce, kore mai haske, fari-fari, ta kan tsiro a wuri ɗaya ko biyu, sau da yawa a gefe ko cikin tsaga. Ka taɓa ta da tsinke ta zube, a ƙarƙashinta ka ga rami. Ka share ta yau, bayan mako biyu ka buɗe akwati ka tarar ta dawo. Wannan dawowar ita ce babbar shaida.

Ba ƙwayar cuta ce ke kawo ta ba, gishiri ne. Ƙasa mai gishiri, ko ruwan teku, ko takin zamani, ko gumin hannu, duk suna ɗauke da kulorayid. Shi kan ratsa ɓawon ya je can jikin ƙarfen ya haɗu da jan ƙarfe, ya kwanta. Muddin kwandala na binne inda iska ba ta kai wa sosai, zai iya yin shekara dubu bai motsa ba. Ranar da aka tono ta, iska da laima suka same shi, sai ya kumbura ya zama garin nan kore, ya fasa fatina daga ciki, ya kuma saki asid. Asid ɗin ya ci sabon ƙarfe, ya sake haifar da gishirin farko, aiki ya koma sabo. Kamar gara ce a cikin azara: daga waje itace lafiya lau, ciki kuwa ana ta ci. In an ƙyale ta, kwandalar da ta ga bayan daular Rum za ta iya zama gari a cikin durowa cikin 'yan shekaru.

Matakin farko, a ware mai cutar daga sauran, domin garin in ya zuba a kan maƙwabciyarta ya kai mata gishirin. Sai a sa tsinke a ƙwaƙule garin daga ramin har a ga ƙasansa. Daga nan a koma jiƙo, amma wannan karon gishirin da ke ɓoye ake son jawowa. Wanda aka fi sani a wannan aiki shi ne sodiyam seskwikabonet, haɗin sodar wanki da sodar girki, giram 5 a cikin mililita 100 na tataccen ruwa, ana canjawa mako-mako. Yana ɗaukar makonni, wani lokaci watanni, kuma a sani yana iya sauya launin fatina ko ya rage ta, don haka ana dubawa kullum. A ɗakin gwaji sukan gwada ruwan jiƙon da wani sinadarin azurfa: in ya yi fari kamar an ɗiga madara, da sauran gishiri, a ci gaba. Akwai kuma benzotirayazol, wanda ake taƙaitawa BTA, da wani masani ɗan Denmak mai suna Brinch Madsen ya gabatar wa masu adana kayan tarihi a 1967. Shi ba ya fitar da gishirin, lulluɓe ƙarfen yake yi ya hana shi ci gaba da ciwuwa. Guba ne, ana zargin yana iya jawo ciwon daji, saboda haka sai da safar hannu, a wuri mai iska, nesa da yara da kwanukan abinci.

Wani zai ce, wannan soda da ake ta faɗa, ai kanwa ce. Bai yi ƙarya ba. Kanwar da ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga, babban abin da ke cikinta wannan sinadarin ne. Sai dai Allah bai yi ta zalla ba, a cakuɗe take da gishirin ci da wasu gishirin. Gishirin ci kuwa shi ne kulorayid ɗin da muke kora. Wanda ya jiƙa kwandala a ruwan kanwa ya ba ta magani da cuta a kofi ɗaya. A bar kanwa a tukunyar wake.

Bayan kowane irin jiƙo, a ɗauraye da tataccen ruwa, sannan a busar, busarwa ta gaske. Goge ruwan sama da tsumma bai wadatar ba, domin ɓawon na riƙe laima a ciki. Akan tsoma kwandalar a asiton ko tsantsar sifirit ya jawo ruwan, a bar ta a wuri mai ɗan ɗumi, sannan a rufe ta da abin shan laima. Kada a gasa ta a wuta. Sai a zuba mata ido na wasu makonni. In garin bai dawo ba, a shafa mata kaki siriri. Wanda aka fi amfani da shi, Renaissance Wax, a ɗakin binciken gidan tarihi na Birtaniya aka haɗa shi a shekarun 1950, daga man fetur, saboda kakin zuma da ire-irensa suna da tsami ko suna yin tsami in sun daɗe. Amma a kula: shafa kaki a kan cutar da ba ta mutu ba rufe ta ne kawai, tana nan tana ci a ƙasa inda ido ba ya gani.

Azurfa halinta daban. Baƙin da take yi daga sinadarin farar wuta ne da ke cikin iska, da ƙwai, da ulu, da robar ɗaure kuɗi. In siriri ne, masu tarawa son sa suke, domin yana fito da rubutu. Dirhamin Umayyawa ko na Abbasiyawa da baƙi ya kwanta a tsakanin baƙaƙensa ya fi wanda aka goge daɗin karatu. Akwai kuma wani ɓawo mai ruwan toka, wani lokaci da ɗan shunayya, mai kama da ƙaho, da gishirin ƙasa ke haifarwa. Shi cire shi sai da sinadarai masu ƙarfi, aikin ƙwararre ne. Abin tsoro a tsohuwar azurfa shi ne gautsi. Shekaru kan sauya cikinta, ta daina lanƙwasuwa ta koma karyewa, ga dirhami dama falle ne siriri. Wanda ya ga nasa a lanƙwashe ya ce bari ya miƙe shi da yatsa, zai iya tsintar gida biyu a tafin hannunsa. Man goge baki kuma, da mutane ke shafa wa zobe, yana da ɗan gari mai kartar azurfa, kuma gilashin mai saye zai nuna kowane zane.

Zinare shi ne mai sauƙi. A 2015 masu ninƙaya suka tsinci dinari kusan 2,000, yawancinsu na Fatimiyawa, a ƙarƙashin teku a tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Kaisariya a gaɓar Bahar Rum. Sun yi kimanin shekara 1,000 a ruwan gishiri, suka fito rubutunsu raɗau. Dinari irin wanda Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya fara bugawa da rubutu zalla a shekarar 77 Hijiriyya, in har na gaske ne, ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu mara ƙarfi sun ishe shi, a dangwala da tsumma mai laushi, ban da gurzawa. Wanda aka sayar maka a matsayin dinari ka ga kore na tsirowa a jikinsa, ka tuhumi zinaren.

Tunda mun taɓo tuhuma, akwai iyaka tsakanin tsabtacewa da ha'inci. Cire ƙasa daga kan gashin sarki tsabtacewa ce. Sassaƙa masa sabon gashi a cikin fatina domin ya fito da kyau, ko cike rami da ƙaro a shafe da fenti kore, ko manna jan yashi da gam domin a ce daga hamadar Sham ta fito, wannan algus ne, kuma ana yi a kasuwar. Auduga da ɗan asiton na tona wasu daga ciki: fenti da gam za su biyo audugar, fatinar gaske ba ta motsi.

Sai kuma tambayar da ya kamata a yi tun kafin a saya: daga ina? Sulallan da ake sayarwa buhu-buhu da ƙasarsu a intanet, da yawansu daga ƙasashen Balkan da Gabas ta Tsakiya suke fitowa, kuma akwai na haƙar sata a ciki. Kwandalar da aka fizge daga inda take ta bar rabin labarinta a ramin. Da Crisp ya kwashe tulun nan a buhu, da ba a san yadda aka jera kuɗin a ciki ba. A watan Fabrairu na 2015 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2199 da ya hana cinikin kayan tarihin da aka fitar daga Siriya da Iraƙi ba bisa ƙa'ida ba. Masar da Turkiyya kowacce na da doka tun 1983 mai hana fita da irin waɗannan kaya, kuma ana kama matafiya a filin jirgi a kan haka. 'Yan kasuwarmu da ɗalibanmu masu zuwa Alƙahira da Istanbul su riƙe wannan. A Nijeriya ma, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba. Wanda ya tono wani abu a gona ko wajen haƙa tushen gini, ya nufi gidan tarihi mafi kusa kafin ya nufi rijiya da soso.

Na yi alkawarin zuwa kan namu na gida. A ƙasar Hausa da wuri aka daɗe ana ciniki, shi ya sa tsoffin sulallan da ke cikin adakar kaka ba su kai na Rum shekaru ba. Akwai anini da kwabo masu huda a tsakiya, da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. Aninin farko na 1907 da alminiyam aka buga shi, bai jure ba, a 1908 aka koma haɗin jan ƙarfe da nikel. Akwai kuma babbar azurfar nan mai hoton Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya, wadda ta yi yawo daga Borno zuwa Sudan da Habasha da ƙasar Larabawa, mata na ado da ita. Za ka ga 1780 a jikinta, shekarar da sarauniyar ta rasu, amma duk waɗanda aka ci gaba da bugawa bayan nan wannan shekarar suke ɗauke da ita, har na zamaninmu. Kada wani ya ruɗe ka da lambar, ko ya ce anininka miliyoyi ne in ka fara ba shi kuɗin gwaji. Su waɗannan inji ne ya buga su, samansu sumul, gogewa ɗaya za ta bar tabon da mai saye zai rage kuɗi a kansa. Ruwan ɗumi, ɗan sabulu, ɗauraya, busarwa, shi ke nan.

Saura ajiya, wadda a wajenmu yanayi ke da ta cewa a kanta. Masu adana kayan tarihi sukan riƙe tagulla mai cuta a inda laimar iska ba ta kai kashi 40 cikin 100 ba. A Kano ko Damagaram, lokacin hunturu laima kan sauka ƙasa da kashi 20, cutar ta yi barci, mutum ya ɗauka ya warkar da ita. Agusta na zuwa laima ta haura 70, ta farka. Saboda haka a sami mazubin roba mai murfi da ke rufuwa gam, a zuba ƙwayoyin silika a ciki, irin ɗan ƙunshin nan da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi. Akwai mai sauya launi in ya ƙoshi da ruwa, sai a ɗumama shi ya bushe a mayar. Kowace kwandala da ambulan ɗinta na takarda mara asid. A guji leda mai laushi ta PVC, domin in ta daɗe takan yi gumi, ta bar wani kore mai yauƙi a jikin ƙarfe. A riƙa kama kwandala ta gefe, da hannu wankakke busasshe ko da safa. A bayan ambulan a rubuta inda aka same ta, da nauyinta, da duk abin da aka jiƙa ta a ciki ko aka shafa mata, domin wanda zai gaje ta ya san da me zai fara. Sannan a buɗe akwatin a duba su ɗaya bayan ɗaya da gilashi, da zarar ruwan farko ya sauka, a sake dubawa a tsakiyar damina.

 

(Kiɗan rufe shiri)